Muhawara: Kuɗin Koyon Sana'a da Takardun Tsofaffin Sojoji a Dokokin Amurka

Baban Zahra:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so mu tattauna wani batu da ke yawan dawowa gaban majalisun dokokin Amurka, ta tarayya da na jihohi, wato dokokin da ke ware kuɗi domin koyar da sana'o'in hannu, kuma suke umartar hukumomin bayar da lasisi su amince da horon da mutum ya samu a aikin soja. A kowace shekara sojoji wajen 200,000 ne ke ajiye kaki a ƙasar, da yawansu kuma sun shafe shekaru suna tuƙa manyan motoci, ko walda, ko gyaran jirgin sama, ko aikin lantarki, ko jinyar waɗanda suka ji rauni. A ɗaya gefen, kamfanonin gine-gine da masana'antu suna ta kukan ƙarancin masu sana'a. A ido haɗa waɗannan biyu abu ne mai sauƙi, amma tun daga 2011 ake ta yin doka bayan doka a kan lamarin, kuma har yau ba a rufe babinsa ba. Shin kuɗin ne bai isa ba, ko takardar sojan ce ba a yarda da ita? Ni dai ina ganin ƙullin yana wajen takardar, amma zan so in ji naku kafin in kawo hujjata.

Malamar Tarihi:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara lissafi daga 2011, alhali asalin zancen ya girmi wannan shekarar nesa ba kusa ba. A ranar 22 ga Yuni, 1944, Shugaba Roosevelt ya rattaba hannu kan dokar da aka fi sani da GI Bill, kuma zuwa lokacin da wa'adinta ya ƙare a 1956, tsofaffin sojoji kimanin miliyan 7.8 sun yi karatu ko sun koyi sana'a da kuɗinta. Abin da mutane suka fi tunawa shi ne waɗanda suka shiga jami'a, amma su kimanin miliyan 2.2 ne kawai. Sauran, fiye da miliyan 5, makarantun sana'a suka shiga, ko koyon aiki a masana'anta, ko horon noma. Ke nan tun farko dokar ta fi amfanar makanikai da kafintoci da manoma fiye da lauyoyi da likitoci.

Sai dai kuɗin ya zo da cutarsa. Da aka ji gwamnati na biyan kuɗin makaranta kai tsaye, dubban makarantun sana'a masu zaman kansu suka tsiro cikin 'yan shekaru, wasunsu ba su da kayan koyarwa na kirki, burinsu kawai su rubuta sunan tsohon soja su karɓi kuɗinsa. Wani kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Olin Teague ya binciki badaƙalar, kuma dokar 1952 ta sojojin yaƙin Koriya ta zo da sharaɗin cewa tsofaffin sojoji ba za su wuce kashi 85 cikin 100 na ɗaliban irin waɗannan kwasa-kwasai ba, domin a tabbatar akwai masu biya daga aljihunsu da suka ga darajar karatun. Akwai kuma tabon da ba za a tsallake ba: da yake jami'an jihohi da na yankuna ne ke aiwatar da dokar, baƙaƙen fata a jihohin kudu sun sha rufe musu ƙofofin makarantu da na ƙungiyoyin masu sana'a, duk da cewa a rubuce haƙƙinsu ɗaya ne da na kowa.

Ɗan Zango:
Malama, Allah ya ƙara basira. Ni direban babbar mota ne a rundunar sojin ƙasa ta Amurka kafin in fita, don haka bari in faɗi ɓangaren da na gani da idona. A harkar tuƙi an samu sauƙi na gaske. Akwai tsarin da dukkan jihohi suka shiga, wanda ya ce idan mutum ya yi shekara 2 yana tuƙa babbar motar soja ba tare da mummunan tarihin tuƙi ba, kuma ya nema cikin shekara guda da barin aikin, za a yafe masa jarrabawar tuƙi a kan titi wajen karɓar lasisin tirela. Fom ne mutum zai cike, kwamandansa ya sa hannu ya tabbatar da irin motar da ya tuƙa, ko tana da birkin iska, da kuma irin giyarta. Ni na kai nawa ofishin lasisi, na zauna gaban kwamfuta na amsa tambayoyin rubutu, aka buga mini katina.

Amma kada wani ya ɗauka da katin ya shigo hannu an gama. Yawancin manyan motocin soja masu canza giya da kansu ne, don haka wanda bai taɓa riƙe giyar hannu ba sai ya koya idan kamfanin da ya ɗauke shi da irinta yake aiki. A soja cikin ayari muke tafiya, wani ne ya tsara hanya, wani ne ya tsara lokacin hutu. A farar hula kai kaɗai ne a mota, doka ta ce ba za ka tuƙa fiye da awa 11 ba kafin ka huta awa 10, na'ura na rubuta lokacinka, ga tashoshin awon nauyi a bakin hanya, ga ja da baya da doguwar tirela cikin ƙuntataccen wurin sauke kaya ana jiran ka. Waɗannan duk a bakin aiki na koye su. Abin da tsarin ya cece ni daga gare shi shi ne biyan dubban daloli a makarantar tuƙi domin a koya mini riƙe sitiyari.

Maman Khalil:
Baban Zahra, da girmamawa, ina tsoron kada a ɗauki misalin direba a shimfiɗa shi a kan kowace sana'a. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na yi aiki da waɗanda suka fito daga sashen lafiya na soja. Jami'in lafiyar fagen daga na rundunar ƙasa yana samun horon mako 16 a barikin Fort Sam Houston da ke Texas, kuma takardar farar hula da yake fitowa da ita ta matakin farko ce ta ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya. A fagen fama kuwa yana tsayar da jinin wanda bam ya raunata, yana saka ƙarin ruwa, yana soka allura a ƙirji domin fitar da iskar da ta danne huhu, abubuwan da wannan takardar ba za ta ba shi izinin yi a gari ba. Wannan rashin adalci ne a fili, kuma na yarda da hakan.

To amma ku dubi su waye majinyatansa a soja: matasa ne ƙarfafa waɗanda aka tantance lafiyarsu kafin a ɗauke su. A asibitin gari kuwa dattijuwa mai shekara 80 za a kawo maka, mai ciwon suga da hawan jini da ciwon ƙoda, tana shan magunguna iri-iri waɗanda wani ke karo da wani, ko jariri mai zazzaɓi, ko mai naƙuda. Na ga wani tsohon soja da babu wanda ya kai shi sanyin zuciya idan aka kawo wanda ya yi hatsari, amma da aka ba shi lissafin maganin ƙaramin yaro bisa nauyinsa sai da ya tsaya ya nemi a duba masa, kuma daidai ya yi da ya nema. Saboda haka abin da nake goyon baya shi ne gajerun kwasa-kwasan cike giɓi da wasu kwalejoji suka buɗe, inda ake lissafa abin da mutum ya riga ya iya, a koya masa abin da ya rage, ya zauna jarrabawar da kowa ke zama. Waɗannan kwasa-kwasan kuɗi suke ci, shi ya sa ban yarda a ce kuɗi ba shi ne matsala ba.

Baban Zahra:
Hajiya, ban ce a miƙa wa kowa lasisi saboda ya sa kaki ba, kuma bayaninki ya ƙarfafa hujjata ne. Ga inda nake ganin gizo ke saƙar. Gwamnatin tarayya ce ke horar da soja, amma jihohi 50 ne ke bayar da mafi yawan lasisin sana'a, kowace da hukumominta da sharuɗɗanta. Wani rahoton Fadar White House na 2015 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan ƙasar sai da lasisi suke aiki, alhali a shekarun 1950 ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. A 2011, lokacin da rashin aiki tsakanin sojojin da suka yi aiki bayan harin 11 ga Satumban 2001 ya kai kashi 12.1, majalisa ta yi dokar VOW to Hire Heroes, wadda ta wajabta kwas ɗin shirin komawa farar hula, ta kuma ba kamfanoni rangwamen haraji idan suka ɗauki tsofaffin sojoji. A 2012 aka ƙara dokar Veterans Skills to Jobs, wadda ta umarci hukumomi su karɓi horon soja wajen bayar da lasisi, amma hukumomin tarayya kaɗai ta shafa.

Ku dubi makanikin jirgin sama. Da yake hukuma ɗaya ce, FAA mai kula da sufurin jiragen sama, ke bayar da takardarsa a faɗin ƙasar, hanyarsa a shimfiɗe take: wata 18 na aiki idan ɓangare ɗaya yake nema, gangar jirgi ko inji, wata 30 idan duka biyun ne, sannan ya zauna jarrabawar rubutu da ta baka da ta aiki, kuma ana lissafa masa watannin da ya yi a soja. Mai aikin famfo ko lantarki kuwa sai ya duba dokar jihar da zai zauna. Jihohi sun yi dokokinsu, amma wasu sun wajabta wa hukumar ta karɓi horon, wasu kuma sun bar mata zaɓi ta duba idan ta ga ya yi daidai da nata. A irin na biyun, an ba mutum da hannun dama ne an karɓe da na hagu.

Injiniya:
Tunda an taɓo lantarki, dole in sa baki, domin sana'ata ce kuma ina ɗaukar masu koyo. Kafin mutum ya zama cikakken ma'aikacin lantarki a yawancin wurare sai ya tara awa wajen 8,000 yana aiki ƙarƙashin mai lasisi, wato shekara 4 zuwa 5, ga karatun aji da ake so ya kai awa 144 a shekara. Kundin ƙa'idojin lantarki na ƙasa ana sabunta shi duk bayan shekara 3, kuma a kansa ake jarrabawa. A jiha kamar New York ma babu lasisin lantarki na jiha baki ɗaya, birane da ƙananan hukumomi ne ke bayarwa, don haka ko dokar jiha ba lallai ta kai ga ƙofar kowane ofishi ba.

Wani matashi ya taɓa zuwa mini daga rundunar ruwa, ma'aikacin lantarki ne a jirgin yaƙi. Wajen gano inda waya ta lalace da karanta zanen wayoyi ya fi wasu da suka daɗe a wurina. Amma a jirgin yaƙi da gangan ake barin tsarin wutar ba a haɗa shi da ƙasa ba, domin kada lalacewar waya ɗaya ta kashe na'urori ana tsaka da fama, alhali a gidan zama haɗa wuta da ƙasa shi ne ginshiƙin kare rai. Wannan giɓin na watanni ne, ba na shekara huɗu ba, kuma zalunci ne a mayar da shi aji ɗaya da yaron da bai taɓa riƙe filaya ba. Abin da ya kusa kayar da shi takarda ce. Takardar sallamarsa ta faɗi muƙaminsa da sunan aikinsa da shekarunsa, hukumar lasisi kuwa awoyi take nema, nawa a jan waya, nawa a injuna, wa ya duba aikin. Akwai shirin USMAP da ke ba soja damar rubuta awoyinsa tun yana bakin aiki har ya samu takardar kammala koyon sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, amma matasa da yawa ba sa kula da shi sai sun zo fita.

Zan ƙara da abin da abokan sana'ata ba sa son ji. Waɗanda ke zama a hukumomin lasisi galibi masu sana'ar ne, kuma duk wanda ya sha wahalar shekara biyar ba ya murnar ganin an gajarta wa wani hanya. Wani ɓangare na tsaurin kare jama'a ne, wani ɓangaren kuma kare kasuwa ne.

Kawu Mai Ritaya:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ina biye da ku. Mu a Najeriya muna da cibiyar da ke Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojojin da ke dab da ritaya sana'o'i kafin a sallame su, muna da asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, ga kuma hukumar ilimin fasaha ta NBTE a Kaduna da tsarinta na auna ƙwarewar masu sana'a. Bambancin da na lura shi ne namu yakan kai shekarun girma kafin ya fita, nasu kuwa da yawa matasa ne da suka yi 'yan shekaru suka ajiye. Tambayata ita ce: shi wanda zai koma yaron shago alhali yana da mata da 'ya'ya, da me zai ci abinci kafin a yaye shi?

Malamar Tarihi:
Kawu, ranka ya daɗe, a nan ne kuɗin ke shigowa, kuma a ganina wannan shi ne ɓangaren da aka fi tsarawa da hankali. Sabuwar GI Bill ta 2008 da farko karatun digiri ta fi dubawa, sai daga Oktoban 2011 aka faɗaɗa ta zuwa makarantun sana'a da koyon aiki a wurin aiki. Mai koyon sana'a a Amurka yana karɓar albashi tun ranar farko, ƙarami ne amma yana ƙaruwa da ƙwarewarsa. Dokar sai ta ɗora masa alawus na gida wanda ke raguwa yayin da albashin ke hawa: cikakke a wata 6 na farko, kashi 80 a wata 6 na biyu, sannan 60, sannan 40, daga nan 20 har ya kammala. Ƙungiyoyin ƙwadagon gine-gine kuma suna da shirin Helmets to Hardhats tun 2003 da ke haɗa masu fita soja da guraben koyon sana'a. Ban da wannan akwai kuɗin koyar da sana'a na kowa da kowa, wanda tushensa ke komawa ga dokar Smith-Hughes ta 1917, kuma dokar Perkins da aka sabunta a 2018 tana raba wa jihohi fiye da dala biliyan 1 a shekara.

Amma cutar 1944 ta dawo da sabuwar riga. Doka ta hana makarantu masu neman riba samun fiye da kashi 90 na kuɗin shigarsu daga tallafin ɗalibai na tarayya, sai dai ba a lissafa kuɗin GI Bill a cikin kashi 90 ɗin ba, don haka kowane tsohon soja da suka kama yana buɗe musu hanyar karɓar ƙarin tallafin gwamnati. Nan suka yi ta farautarsu da talla. Da biyu daga cikin manyan kamfanonin irin waɗannan makarantu suka rushe, Corinthian Colleges a 2015 da ITT Tech a 2016, dubban tsofaffin sojoji suka tashi babu takarda, watanninsu na tallafi kuma sun tafi. Wata doka ta 2017 ta mayar wa waɗanda abin ya shafa haƙƙinsu, amma sai a 2021 aka toshe ƙofar, toshewar kuma ta fara aiki a 2023.

Auta:
Yayyena, ku yi haƙuri da tambayar ƙarami. Shi matashin farar hula da ya biya kuɗin makaranta da aljihunsa, ya yi shekarunsa cif, bai cutu ba idan aka ce wani ya tsallake layi?

Ɗan Zango:
Ƙanena, tambayarka tana kan hanya, amma babu layin da aka tsallake. Awoyin da sojan ya yi yana walda ko tuƙi awoyi ne na gaske, kuma harajin jama'a ne ya biya horon. Idan aka ƙi lissafa su, jama'ar za su sake biya ta hanyar GI Bill domin a koya masa abin da ya riga ya iya, kujerar da ya zauna a aji kuma ta wani ce da ke buƙatarta. Inda zan yarda da kai shi ne idan aka yafe jarrabawar da ke auna abin da bai taɓa koya ba.

Maman Khalil:
Ina so in koma kan maganar Baban Zahra cewa tarayya ba ta da iko a kan jihohi, domin akwai abin da ya faru da ya sassauta wannan. A Janairun 2023 aka sa hannu kan wata doka da ta ce idan an yi wa soja canjin wurin aiki zuwa wata jiha, lasisin sana'arsa ko na matarsa ko mijinta zai ci gaba da aiki a sabuwar jihar bisa wasu sharuɗɗa. A 2023 ɗin ma wata kotun tarayya a Texas ta ba matar wani soja gaskiya a kan hukumar ilimi ta jihar da ta ƙi karɓar takardarta. Ke nan majalisa na iya tilasta wa jihohi idan ta so. Sai dai ku lura, dokar ta shafi waɗanda ke bakin aiki da iyalansu ne, kuma lasisin da wata jiha ta riga ta bayar take karewa. Tsohon sojan da ke riƙe da horon bariki kaɗai, wanda babu jihar da ta taɓa ba shi lasisi, ba ya cikinta.

Baban Zahra:
Hajiya, wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin mafita mafi kusa ita ce soja ya fito da takardar farar hula a hannu maimakon ya fito yana roƙon a fassara masa ta soja. Rundunoni suna da shirin COOL da ke biyan kuɗin jarrabawar takardun farar hula tun mutum yana cikin kaki, ga kuma SkillBridge da ke ba shi damar yin kwanaki 180 na ƙarshen aikinsa a wani kamfani yana koyon aiki, albashinsa na soja yana tafiya.

Injiniya:
Malam, na karɓi matasa ta wannan shirin kuma yana da amfani, amma kada mu manta sai kwamanda ya amince mutum ke tafiya, kuma kwamandan da ke ƙarancin ma'aikata yana da ikon ƙi. Ga shi kuma wata shida ba za su cike awa 8,000 ba. Da ni ke rubuta dokar jiha, zan wajabta wa hukumar lasisi ta wallafa jadawalin da ke nuna kowane aikin soja da adadin awoyin da za a lissafa masa, in sa mata wa'adin amsa takardar mai nema, idan kuma ta ƙi ta rubuta masa takamaiman abin da ya rage. Kuɗin horon kuma a ɗaura shi a kan wannan ragowar, a biya makaranta kaso na ƙarshe bayan ɗalibin ya ci jarrabawar lasisi.

Maman Khalil:
Jadawalin da wa'adin na amince da su. Ɗaura kuɗin a kan cin jarrabawa ne nake da ja a kai, domin makarantu za su riƙa zaɓar waɗanda suke da tabbacin za su ci, su guje wa wanda ya dawo da rauni a jiki ko damuwa a ƙwaƙwalwa kuma yake buƙatar lokaci fiye da sauran. Idan za a yi hakan, sai dokar ta ware ƙarin kaso ga makarantar da ta karɓi irin waɗannan, kuma a ba su damar sake zama jarrabawar ba tare da an cire musu daga watanni 36 na tallafinsu na GI Bill ba.